Tarihin Bukkar Masunta A Kan Ƙanƙara

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu daga Yawuri ta Jihar Kebbi, wanda ya ce su ya gada kaka da kakanni, ya rubuto yana cewa ya ga hoton waɗansu Turawa a wayar ɗansa, suna zaune cikin 'yan bukkoki a tsakiyar wani farin fili fetal, aka ce masa wai kifi suke kamawa. Yana so a gaya masa ko gaskiya ne ana su a kan ƙanƙara, yaushe aka fara, kuma wace irin bukka ce masuncin can yake zaɓa ya tafi da ita.

AMSA: To Malam, abin da ka gani gaskiya ne, ba siddabarun masu hoto ba ne. Farin filin nan da ka gani tafki ne, ruwa ne a ƙarƙashinsa, wani wurin ma zurfinsa ya fi gaba goma. Mu nan ƙanƙara iri biyu muka sani, da wadda takan zubo da damina ta yayyage ganyen masara, da wadda ake saye a kasuwa lokacin azumi. Amma a arewacin Amurka da Kanada da Rasha da Finland, daga wajen watan Disamba har zuwa Maris, saman tafki ne gaba ɗaya yake daskarewa ya zama kamar daɓe, kaurinsa ya kai ƙafa biyu ko uku, har mota ta bi ta kai. In kana so ka san irin sanyin da ake magana, a wani gari da ake kira Tower a Jihar Minesota ta Amurka, ran 2 ga Fabrairu 1996, ma'aunin zafi ya sauka zuwa digiri 51 ƙasa da sifiri. Mu kuwa in ya sauka digiri 10 sama da sifiri da hunturu, sai ka ga kowa ya kewaye wuta.

Za ka ce to yaya kifin ba ya mutuwa? Hikimar Ubangiji ce. Ruwa ya fi nauyi sa'ad da sanyinsa yake wajen digiri 4, saboda haka shi ke kwanciya a ƙasa. Wanda ya fi shi sanyi sai ya taso sama, ya daskare, ƙanƙarar kuma ba ta nutsewa domin ta fi ruwa sauƙi, kamar dai yadda kake ganin ta tana yawo a saman kofi. Da ta rufe saman tafkin sai ta zama kamar murfi, ta tare sanyin waje. Kifi na can ƙasa da ransa, sai dai ba ya kuzari kamar da bazara. Wanda ya huda murfin nan ya kai gare shi.

Yanzu ga inda tarihin yake da daɗi. Kowa zai zaci don sanyi aka fara yin bukkar nan. A'a, don duhu aka fara yin ta. 'Yan asalin ƙasar da ke zaune a bakin manyan tafkunan da ke tsakanin Amurka da Kanada, irin su ƙabilar Ojibwe da Menominee, suna wannan sana'a tun kafin Turawa su sa ƙafa a nahiyar. Wani ɗan kasuwar fatu mai suna Alexander Henry ya yi hunturun 1762 zuwa 1763 a wani wuri da ake kira Sault Sainte Marie, ya ga yadda ake yi, shi ma ya yi, ya kuma bayyana shi a littafin tafiye-tafiyensa da aka buga cikin 1809. Bisa bayaninsa, sai a fasa rami a ƙanƙarar, a kafa 'yan rassan itace a kansa, tsayinsu bai wuce ƙafa biyu ba, a lulluɓe da fatun dabbobi yadda haske ba zai shiga ba ko kaɗan. Masuncin sai ya kwanta rub da ciki a kan ƙanƙarar, kansa ne kawai a cikin 'yar bukkar, sauran jikinsa na waje. A hannu ɗaya yana riƙe da igiya, a ƙarshenta an ɗaure wani kifin ƙarya da aka sassaƙa da itace aka ɗura masa darma don ya nutse. A ɗaya hannun ga mashi mai sandar da ta kai ƙafa goma. Yana ɗan wasa da igiyar, kifin itacen yana juyi kamar mai rai, babban kifi ya taso zai haɗiye shi, sai a sakar masa mashi.

Dalilin duhun kuwa kai ma ka san shi. In ka leƙa rijiya da rana tsaka, fuskarka da sararin sama kawai za ka gani a kan ruwan. Amma in ka rufe kanka da mayafi ka tare hasken, sai ka fara hango abin da ke ƙasa. To haka abin yake. Hasken rana yana ratsa ƙanƙarar da ke kewaye ya haskaka ruwan daga ciki, mai kwance cikin duhu yana ganin kifi sarai, kifin kuwa ba ya ganin inuwarsa. Ka ga ke nan bukkar farko kayan aiki ce kamar taru ko gora, kuma ta tafi-da-gidanka ce, domin fata da 'yan sanduna mutum ɗaya zai naɗe ya rataya. Ka riƙe wannan, domin za mu ga yadda aka yi ta kewaye-kewaye shekara da shekaru aka komo kanta.

Turawan da suka zo daga baya sai da suka koya. Cikin watan Oktoba 1875 waɗansu mutanen ƙasar Aisland suka sauka a bakin Tafkin Winnipeg na Kanada, inda garin Gimli yake yanzu. Masunta ne na gaske, amma na teku, ba su saba da ruwan da ke rufewa ruf har wata biyar ba. Hunturun farko sun sha wuya ƙwarai, yunwa da ciwo suka kashe da dama, kuma 'yan asalin wurin suna cikin waɗanda suka taimake su suka nuna musu dabarun zaman ƙasar. Daga baya jikokinsu suka zama manyan masu kamun kifin sayarwa da hunturu, suna shimfiɗa taru a ƙarƙashin ƙanƙara daga wannan rami zuwa wancan da taimakon wani falanki mai tafiya a ƙarƙashinta yana jan igiya. Su suna kwana da kwanaki a kan tafkin, saboda haka sai suka riƙa jan ɗaki na katako da dawaki, da murhu a ciki.

Nan ne bukka ta tashi daga abin duhu ta koma ɗaki. Baƙin da suka cika jihohin Mishigan da Wiskonsin da Minesota, da yawansu daga Suwidin da Norwe da Finland da Jamus, ba su ga dalilin kwanciya rub da ciki a kan ƙanƙara ba alhali ga katako a banza. Sai mutum ya harhaɗa ragowar falankai da tsohon kwano, ya yi ɗan ɗaki kamar shagon mai shayi, ya bar rami a daɓen, ya sa benci da murhun itace, ya ɗora shi a kan sanduna biyu masu santsi ya ja shi zuwa tsakiyar tafki. A shekarun 1930, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya karye mutane suka rasa aiki, wannan ɗaki ya ciyar da gidaje da yawa, domin kifin da aka soka da rana shi ne tuwon dare. Masu sassaƙa kifin ƙarya ma suka sami kasuwa. Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Oscar Peterson na garin Cadillac a Mishigan, wanda ya rasu cikin 1951. Abin da ya riƙa sayarwa masunta da 'yan kuɗi kaɗan, yau masu tara kayan tarihi ne ke rububinsa da dubban daloli.

Sukan mashi cikin duhu bai mutu ba har gobe. A Tafkin Winnebago na Jihar Wiskonsin akwai wani ƙaton kifi da suke kira sitajin, mai tsawon rai, wanda yakan haura shekara ɗari. An yi ta kama shi ba ƙaƙƙautawa har ya kusa ƙarewa, hukuma ta hana cikin 1915, ba a sake buɗewa ba sai 1932, shi ma da sharuɗɗa. Yanzu cikin Fabrairu ake buɗe lokacin, ba ya wuce kwana 16, mutum ɗaya kifi ɗaya, kuma da zarar an cika adadin da hukuma ta yanka sai a rufe ko da kwanakin ba su cika ba. Dubban bukkoki marasa taga ake jerawa a kan tafkin, mutum ya wuni yana kallon rami, wani ya yi shekaru bai ga ko wutsiya ba. Cikin 2010 aka soki wanda nauyinsa ya kai kilo 96, tsawonsa ƙafa bakwai. Kai da ka san giwan ruwa, ka san abin da ake nufi da fito da irin wannan ta rami.

'Yan kasuwa kuma ga naku. A Jihar Kebek ta Kanada akwai wani ɗan gari, Sainte-Anne-de-la-Pérade. Cikin 1938 wani mutumin garin, Eugène Mailhot, yana yankan ƙanƙara a kogi don ajiyar abinci, domin lokacin firji bai yaɗu ba, sai ya ga ƙananan kifaye maƙil a ƙarƙashi, ashe sun hauro ne daga babban kogin Saint Lawrence don zuba ƙwai. Kafin a jima mutane suka fara kafa bukkoki, baƙi na zuwa ta jirgin ƙasa. Yau daga 26 ga Disamba zuwa tsakiyar Fabrairu ɗaruruwan ɗakuna ake jerawa a kan kogin, da titi da wutar lantarki da masu sayar da abinci, ana bayar da hayar ɗaki ga iyali guda. Gari ne sukutum wanda ke tsayawa wata biyu, sa'an nan a kwashe shi kafin ruwa ya ci.

Amma ɗakin katako yana da aibi babba, kuma duk masunci zai gane shi nan take. Kifi yana yawo, ɗaki ba ya yawo. In ka kafa shi a wuri, sai ka tara mutane ko ka nemo mota kafin ka gusa da shi, wani lokaci ma gindinsa ya manne da ƙanƙarar sai an sa gatari. Huda ramin kansa aiki ne, domin da wani ƙarfe kamar dagi ake sara, ƙanƙara mai kaurin ƙafa biyu kuwa kafin ka fasa ta ka jiƙe da gumi, gumi kuma a irin wannan sanyi abokin gaba ne. Saboda haka mutum ya fasa rami ɗaya, ya zauna a kansa daga safe har yamma, in kifi ya biyo ta nan falillahil hamdu, in bai biyo ba ya koma gida hannu rabbana. Sauƙi ya fara zuwa da mahudi mai murɗaɗɗen baki irin na mutanen Suwidin wanda ake juyawa da hannu, sa'an nan wajen 1951 wani kamfani a Wiskonsin ya fito da mai inji da ake kira Jiffy. Rami ya zama aikin minti ɗaya. Saura ɗaki.

Wanda ya warware wannan wani masunci ne na Minesota mai suna Dave Genz, wajen 1980. Jihar tasu tana da tafkuna 11,842, kuma shi ra'ayinsa shi ne a bi kifi inda yake maimakon a zauna jiransa. Sai ya ƙera wani abu kamar ƙaramin kwami da ake ja da igiya, da wurin zama a ciki, ya kafa masa 'yan ƙarafa masu lanƙwasa, ya sa tamfol. In ka isa wurin da kake so, ka huda rami, ka zauna, sai ka jawo tamfol ɗin daga bayanka ya kifu a kanka kamar rumfar keken guragu. In ba kifi, ka tura shi baya, ka zuba kayanka a kwamin ka yi gaba. Ko rabin minti ba a yi. Matarsa Patsy ce ta riƙa ɗinka tamfol ɗin na farko-farko da keken ɗinki a gida. Ya sa masa suna Fish Trap, daga baya kamfanin Clam ya ɗauki ƙera shi da roba, sauran kamfanoni suka bi sahu. Shi ne kuma ya yayata ɗaukar na'urar nan mai aika sauti cikin ruwa ta nuna zurfi da inda kifi yake, a cikin ɗan akwati da batir. In ka duba da kyau, abin da Genz ya yi bai wuce komawa ga fatar Ojibwe ba, sai dai shi a zaune yake ba a kwance ba.

A shekarun 2000 wani iri ya shigo, wanda aka aro daga tantin da maharba ke ɓuya a ciki. Shi a cikin jaka yake kamar doguwar laima, kowane bango da mahaɗar sanduna a tsakiya, ka ja ta waje ta buɗe fau, ka ja ta gaba, har ɗaki ya tsaya. Yana ɗaukar mutum uku har zuwa takwas, ana iya tsayuwa a ciki, kuma mai mutum uku bai kai rabin buhun siminti nauyi ba. A ɗaya gefen kuma masu hali suka koma ga ƙaton ɗaki mai taya da mota ke ja, a sauke shi ya kwanta a kan ƙanƙara, da gado da talabijin da wurin girki. Ni dai a ganina wannan ya tashi daga su ya koma shaƙatawa, amma kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Kada ka ɗauka sai mai dala. A Astana, babban birnin Kazakistan, inda sanyi kan wuce digiri 30 ƙasa da sifiri, masuntan kogin Ishim leda da tsofaffin buhunan shinkafa da na fulawa suke harhaɗawa su ɗinke, mutum ya zauna a kan ɗan akwati ya lulluɓe kansa da ramin baki ɗaya. Numfashinsa ne murhunsa. Wani mai ɗaukar hoto, Aleksey Kondratyev, ya tara hotunansu ya buga cikin 2017, kai ka ce buhunan kaya ne aka yar a fili.

To wanne mutum zai zaɓa? Masana sana'ar sukan ce tambayar farko ita ce da me za ka ja shi. Mai tafiya a ƙasa, shi kaɗai, wanda zai huda rami ashirin a yini, mai kifuwar nan na mutum ɗaya ya fi masa, domin kwamin shi ne amalankensa, shi ne kujerarsa, kuma nauyin jikinsa ne ke danne shi in iska ta taso. Amma na mutum biyu yana da nauyi sosai tun ba a zuba kaya ba, jan sa cikin dusar ƙanƙara mai zurfi kuwa sai babur ɗin ƙanƙara. Mai tafiya da iyali ko abokai, wanda zai kafa a wuri ɗaya ya wuni, mai buɗewar nan ya fi masa arha da faɗi. Illarsa iska. Ba shi da daɓe, ba shi da nauyi, tafki kuwa ba bishiya ba tudu, in ba a murɗa turakunsa cikin ƙanƙara tun kafin a buɗe shi ba, sai mai shi ya bi shi da gudu mil guda. Sai batun yadi. Akwai mai falle ɗaya, akwai mai ninki da auduga a tsakani kamar bargo. Mai falle ɗaya ya fi sauƙi da araha, amma in an kunna murhu tururin numfashi yakan taru a rufin ya riƙa ɗigo wa mutum a wuya. Mai ninkin yana riƙe ɗumi, gas ɗinsa ya daɗe, sai dai nauyi da tsada. Galibi baƙi ake yi ko mai duhu, don ya sha zafin rana, kuma don a ga cikin ramin.

Akwai abu ɗaya da bai kamata a yi ciniki a kansa ba, watau kafar iska. Murhun gas a cikin rufaffen tanti yana fitar da iskar nan mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, irin wadda ke kashe mutane a nan gida in an kwana da kaskon gawayi a ɗaki da hunturu, ko aka shigar da janareta cikin gida. Mutum ya ji ciwon kai, ya ji barci, shi ke nan. An sha samun masunta a mace cikin ɗakunansu a kan tafki ta wannan hanya, shi ya sa ake yi wa tantin 'yan tagogi a sama, ake kuma gargaɗin a rataya na'urar da ke ƙara in gubar ta taru.

Sa'an nan duk abin da ka zaɓa, ƙanƙara ce za ta ɗauke ku kai da shi. Hukumar kula da albarkatun ƙasa ta Minesota tana cewa kada a taka sai kaurin sabuwar ƙanƙara mai garai-garai ya kai inci 4. Ƙaramar mota sai inci 9 zuwa 10, babbar mota mai jan ɗaki mai taya kuwa sai inci 20 ko fiye. In farar ƙanƙara ce wadda ta gauraya da dusa, ƙarfinta rabi ne, sai a ninka lissafin. Ko mai kaurin ma takan tsage. Ran 7 ga Fabrairu 2009, a Tafkin Erie ta gefen Jihar Ohayo, masunta suka shimfiɗa katako a kan wata tsaga suka ƙetare don su kai inda kifi yake. Iska ta juya, ɓangaren da suke kai ya rabu da gaɓa ya yi cikin tafki da su. Da jiragen sama masu saukar ungulu da jiragen ruwa aka kwaso mutum 134, ɗaya ya rasu. A tsibirin Sakhalin na Rasha, cikin Janairu 2020, mutum 536 aka ceto a rana ɗaya. A irin wannan rana mai ƙaramin tanti yakan naɗe kayansa ya fito da su, mai ƙaton ɗaki da mota kuwa sai ya bar su can yana kallo.

Lissafin nan kuma yana ƙara nauyi, domin hunturun can ya fara gajarta. Na 2023 zuwa 2024 shi ne mafi ɗumi da aka taɓa aunawa a Minesota. Ran 29 ga Disamba 2023 aka ceto mutum 122 a tafkin Upper Red, inda a Nuwamban 2022 ma aka fito da wajen 200. Babbar gasar su ta garin Brainerd, wadda ake yi tun 1991 a Tafkin Gull, mutum fiye da dubu goma suna taruwa a wuri ɗaya, cikin 2024 ba a yarda an taru ba saboda ƙanƙarar ba ta yi kauri ba, sai aka ce kowa ya kama a inda ya ga ya aminta ya aiko da hoto ta waya. Masu hayar manyan ɗakuna da masu sayar da tsutsar fatsa da masu masauki sun ji a jikinsu a wannan shekara.

Hukuma ma tana da nata sharuɗɗan. A Minesota ɗakin da za a bari ya kwana a kan tafki ba kowa sai an yi masa lasin, a rubuta sunan mai shi ko lambarsa a jiki, a manna abin da ke ƙyalli da dare a kowane gefe don kada mota ta afka masa. Tun 2023 kuma doka ta hana barin shara ko ƙazanta a kan ƙanƙarar, domin duk abin da aka bari cikin ruwa zai faɗa in ta narke. A kudancin jihar dole a kwashe ɗakuna a farkon Maris, a arewaci kuma a ƙara mako biyu. Wanda ya ƙi, ana iya gurfanar da shi, a ƙwace ɗakin ko a rushe shi. In kuwa ya yi sakaci har ɗaki ko mota suka nutse, shi zai biya masu ninƙaya da masu ƙugiya su tsamo su daga ƙasan tafkin.